Iberdrola: Kamfanin da Ya Gina Girmansa a Kan Wayoyin Wuta

Malam Edita,

Kamfanin Iberdrola na ƙasar Sifaniya yana cikin manyan kamfanonin wutar lantarki na duniya, kuma a 'yan shekarun nan shi ne kan gaba a daraja cikin takwarorinsa na Turai a kasuwar hannun jari. Hedikwatarsa tana birnin Bilbao, a arewacin ƙasar. An kafa shi a 1992 bayan haɗewar tsofaffin kamfanoni biyu, Iberduero da Hidroeléctrica Española, waɗanda suka yi suna wajen gina madatsun ruwa. A 2023 ya ci ribar Yuro biliyan 4.8, a 2024 kuma ta haura zuwa biliyan 5.6. Duk lokacin da aka kawo labarinsa a talabijin, manyan fankokin iska ake nunawa suna juyawa a tsakiyar teku. Sai dai duk wanda ya bi diddigin inda kamfanin yake zuba kuɗinsa zai tarar cewa ginshiƙin arzikinsa yana cikin abin da ido ba ya damuwa da shi, wato turaku da wayoyi da taransifomomi da mitoci.

Sauyin ya fara a 2001, lokacin da Ignacio Galán, injiniya ɗan Salamanca, ya karɓi ragamar gudanarwa, kafin ya zama shugaban kamfanin gaba ɗaya a 2006. A wancan zamani manyan kamfanonin Turai suna ɗaukar wutar iska a matsayin ƙaramar sana'a, ƙarfinsu yana kan kwal da nukiliya. Iberdrola ya karkata ga iska da kuma tashoshin iskar gas. Ba hangen nesa kaɗai ya kai shi ba: gwamnatin Sifaniya ta riga ta lamunce wa masu samar da wuta daga iska farashi mai gwaɓi na tsawon shekaru, saboda haka kasadar ba ta kai yadda ake zato ba. A ƙarshen 2007 ya sayar da kashi 20 cikin ɗari na reshensa na iska a kasuwar hannun jari, ya tara kuɗi masu yawa, sannan a 2011, bayan farashin hannayen jarin ya faɗi, ya sake mayar da reshen cikin uwar kamfani.

Mataki na biyu shi ne fita waje. Tun 1997 ya shiga Burazil, lokacin da gwamnati ta sayar da kamfanin rarraba wuta na jihar Bahiya, wanda daga baya ya zama tushen Neoenergia. Babban cinikin da ya sauya kamannin kamfanin shi ne sayen ScottishPower na Birtaniya a 2007, kan kuɗi kusan Fam biliyan 11.6. Shekara guda bayan haka ya sayi Energy East, mai raba wuta a jihohin Niyok da Maine na Amurka. A 2011 ya ƙara da Elektro a Burazil, a 2015 kuma ya haɗa kadarorinsa na Amurka da kamfanin UIL na jihar Connecticut, aka sa wa haɗakar suna Avangrid. Kamfanonin nan suna ƙasashe daban-daban, amma abu ɗaya ya haɗa su: kowanne yana da layin wuta da ya shiga gidajen miliyoyin mutane, a yankin da babu wani mai layi sai shi.

A nan ne ya kamata a tsaya a fayyace, domin a nan dabarar take. Harkar wuta sana'a biyu ce mabambanta. Mai tashar samar da wuta yana sayar da hajarsa a kasuwa, inda farashi yake hawa da sauka a kowace sa'a. Ranar da iska ta kaɗa sosai, rana kuma ta haska, wuta takan yi yawa har farashinta ya faɗi ƙasa warwas. A Sifaniya an kai matsayin da farashin sari yake sauka zuwa sifili a wasu sa'o'in tsakar rana, saboda yawan sola. Shi kuwa mai layin rarrabawa ba ya gasa da kowa, domin ba a kafa turaku biyu a titi ɗaya. Saboda haka ne ba a barinsa ya yanka farashin da ya ga dama. Hukumar da ke sa ido kan harkar wuta ita ce take ƙiyasta darajar dukkan kayan da ya shimfiɗa, ta amince masa da wani kaso na riba a kan wannan daraja kowace shekara, ta ƙara masa kuɗin gudanarwa da na tsufan kaya, sannan a raba jimlar a cikin kuɗin wutar da jama'a suke biya. Bambancin ya yi kama da na manomin tumatir da mai rumfar haya a kasuwa: manomi yana iya cin riba mai yawa ko ya tafka asara gwargwadon yadda kasuwa ta wayi gari, mai rumfa kuwa kuɗin hayarsa yana nan, ko tumatir ya yi tsada ko ya yi kwantai.

Abin da wannan tsari yake haifarwa a fili yake. Ribar mai layi tana ƙaruwa ne gwargwadon ƙaruwar kayan da ya gina. Idan, alal misali, hukuma ta amince da ribar 6 cikin ɗari, kamfanin da ke da kayan biliyan 10 zai samu miliyan 600 a shekara, idan ya ninka kayan ribar ma ta ninku. A Birtaniya hukumar Ofgem tana tsayar da irin waɗannan sharuɗɗa na shekara biyar-biyar, ta saka wa wanda ya rage yawan ɗauke wuta, ta ci tarar wanda ya gaza. Kamfanin da ya san abin da zai shigo masa nan da shekara biyar yana samun rance da ƙaramin kuɗin ruwa, kuma a sana'ar da ake gina kaya yau a ci moriyarsa shekara arba'in, kuɗin ruwa shi ne kusan komai.

Tsarin yana da sharaɗi guda mai nauyi: sai gwamnati ta tsaya a kan alkawarinta. Iberdrola ya ga ishara a gida. Shekara da shekaru gwamnatocin Sifaniya sun riƙa danne farashin wuta ƙasa da ainihin kuɗin da ake kashewa, suna rubuta giɓin a matsayin bashin da za a biya kamfanoni nan gaba. Bashin ya taru har ya haura Yuro biliyan 25. A 2013, cikin matsin tattalin arziki, gwamnati ta zaftare tallafin da ta yi wa masu iska da sola alkawari, har da tashoshin da aka riga aka gina. A ƙarshen 2022 kuma ta ƙaƙaba wa manyan kamfanonin makamashi harajin wucin gadi na kashi 1.2 cikin ɗari a kan cinikinsu. Daga nan kamfanin ya riƙa zaɓen ƙasar da zai zuba jari bisa tabbacin dokokinta, fiye da yawan buƙatar wutarta.

Meziko ce shaida mafi bayyana. Iberdrola ya daɗe yana zaman babban kamfani mai zaman kansa da ke samar da wuta a can, galibi da iskar gas. Shugaba Andrés Manuel López Obrador, wanda ya hau mulki a 2018, ya fito fili yana sukarsa, yana kuma neman mayar da ƙarfi ga kamfanin gwamnati, CFE. Maimakon ya tsaya ja-in-ja, a Afrilun 2023 kamfanin ya amince ya sayar da tashoshi 13, masu ƙarfin megawat kusan 8,500, kan Dala biliyan 6, ga wani asusu da gwamnati take mara wa baya. A 2025 ya ƙulla cinikin sayar da ragowar kadarorinsa na ƙasar. Inda kuɗin suka nufa shi ne abin lura. A 2024 ya sayi kashi 88 cikin ɗari na Electricity North West, mai raba wuta a Manchesta da kewayenta, yankin da yake tsakanin layukansa na kudancin Sikotland da na Libaful da arewacin Wales. A shekarar kuma ya saye sauran kashi 18 na Avangrid da yake hannun wasu. An fitar da kuɗi daga tashoshin gas a ƙasar da doka take rawa, an mayar da su cikin wayoyi a ƙasashen da doka take zaune.

Ba wai ya bar samar da wuta ba. Ya rufe tashar kwal ta Longannet a Sikotland a 2016, ya rufe biyu na ƙarshe da suka rage masa a Sifaniya a 2020. Ya gina gonakin iska a cikin teku: Wikinger mai megawat 350 a ruwan Jamus, East Anglia One mai 714 a Birtaniya, Saint-Brieuc mai 496 a Faransa. A arewacin Fotugal ya gina madatsu uku a yankin kogin Tamega, masu ƙarfin megawat 1,158, inda ake tura ruwa zuwa tafkin sama lokacin da wuta take araha, a sako shi ya juya injina lokacin da ta yi tsada. Amma ko a wannan fanni ya fi son aikin da aka riga aka ƙulla yarjejeniyar sayen wutarsa ta shekaru masu yawa, kuma ba kasafai yake ɗaukar nauyin shi kaɗai ba. Yakan gina, sannan ya sayar da kusan rabi ga masu kuɗin da ke neman riba mai kwanciyar hankali, ya ci gaba da riƙe gudanarwa. Haka ya yi da kamfanin Masdar na Abu Dabi, wanda ya sayi kashi 49 na gonar iska ta Baltic Eagle, haka kuma ya yi da asusun man fetur na Norwe a kan wasu tashoshin Sifaniya. Asusun zuba jari na Katar kuwa yana cikin manyan masu hannun jarinsa tun 2011.

Hanyar ba ta rasa tuntuɓe ba. A 2020 Avangrid ya ƙulla cinikin sayen PNM Resources, mai raba wuta a jihohin New Mexico da Texas, amma a Disambar 2021 hukumar New Mexico ta ƙi amincewa, tana kafa hujja da, cikin wasu dalilai, ƙorafe-ƙorafen jama'ar Maine kan yadda reshen kamfanin yake yi musu aiki. Cinikin ya mutu bayan shekara uku ana jira. A Maine ɗin ma, a 2021 masu zaɓe sun kaɗa ƙuri'ar dakatar da wani babban layin kamfanin da zai ɗauko wuta daga Kanada, sai da kotu ta shiga kafin aiki ya ci gaba. A 2023, da tsadar kaya da kuɗin ruwa suka tashi, kamfanin ya gwammace ya biya Dala miliyan 48 ya fice daga yarjejeniyar gonar iska ta Commonwealth Wind a gaɓar Massachusetts. Akwai kuma wani aibi da yake cikin tsarin kansa, wanda masana suka daɗe da sani: kamfanin da ribarsa take ƙaruwa da yawan gini yana da kwaɗayin gina abin da ba lallai ake buƙata ba, mai biyan kuɗin wuta kuma shi zai ɗauki nauyin. Idan hukumar sa ido ta yi sanyi, riba takan tafi ga masu hannun jari, jama'a su tashi da bil mai nauyi.

Duk da haka kamfanin ya ƙara nutsawa a wannan hanya. A shirinsa na 2024 zuwa 2026 ya ware Yuro biliyan 41, aka ba layuka biliyan 21.5, makamashin iska da rana da ruwa kuma biliyan 15.5. A Yulin 2025 ya tara Yuro biliyan 5 ta hanyar fitar da sababbin hannayen jari, a Satumba kuma ya sanar da shirin biliyan 58 zuwa 2028, kusan kashi biyu cikin uku na layuka, Birtaniya da Amurka a sahun gaba. Hujjarsa ita ce layukan ƙasashen Yamma sun tsufa, ga motoci masu caji da manyan cibiyoyin adana bayanan kwamfuta suna neman ƙarin wuta, ga sababbin tashoshin iska da sola suna jerin gwano suna jiran a jona su. Ɗaukewar wutar da ta jefa Sifaniya da Fotugal cikin duhu ranar 28 ga Afrilun 2025 ta ƙara wa batun ƙarfi, ko da yake har yanzu kamfanin da ke kula da babban layi, Red Eléctrica, da kamfanonin samar da wuta kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Wannan bayani ya shafi masu karatun jaridar nan ta fuska ɗaya tak: tsarin da Iberdrola ya yi arziki da shi, shi ne a takarda aka ɗora kamfanonin rarraba wuta 11 na Nijeriya a kai, lokacin da aka fara miƙa su ga 'yan kasuwa a Nuwambar 2013. Su ma kowanne yana da yankinsa, kamar KEDCO mai Kano da Jigawa da Katsina, su ma hukumar NERC aka ɗora wa tsayar musu da farashi. Amma yawancin masu sayen da rancen banki suka saya, farashin ya daɗe a ƙasa da kuɗin da ake kashewa, kusan rabin masu amfani da wuta kuma ba su da mita. A 2022 bankunan da suka ba da rancen suka karɓe ragamar wasu daga cikinsu, har da na Kano da na Kaduna. Muhawara a ƙasar nan takan tsaya a kan yawan megawat da ake samarwa da kuma ƙarin farashi, irin na rukunin A da aka yi a Afrilun 2024. Roƙo ga Malam Edita shi ne a tura wakilai su riƙa tambayar kowane kamfanin rarraba wuta, a ƙarshen kowace shekara, nawa ya kashe a kan sababbin layuka da taransifomomi da mitoci, nawa hukuma ta amince masa ya kashe, a buga alƙaluman biyu gefe da gefe jama'a su gani.

Wassalam.

Daga wani mai karatu, Kano.