A Bar Mai Shuka Shi Girbe

Tamaula wasa ce, amma ɗaukar ma'aikaci da sallamarsa hakki ne wanda za a tambaya gobe kiyama. Don haka nake magana bisa yadda hukumar ƙwallon Nijeriya take yi da masu horas da 'yan wasanta.

Ku dubi Westerhof, mutumin Holan, wanda anka ɗauka a 1989. Aljeriya ta kada shi a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1990, ya zo na uku a 1992, duk da haka anka yi haƙuri da shi. A 1994 ya ɗauko kofin a Tunisiya, ya kuma kai ƙasar gasar duniya karo na farko.

Sa'an nan ku dubi marigayi Shu'aibu Amodu. Sau biyu ya samo gurbin zuwa gasar duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu anka tsige shi kafin tafiya, anka miƙa wa wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A tafiyoyin biyu ba a ci wasa ko ɗaya ba.

Na kusa da mu shi ne Rohr Bajamushe, wanda ya horas da Nijar kafin Nijeriya ta ɗauke shi a 2016. An ce wasansa ya yi sanyi, anka sallame shi a Disamba 2021, kofin Afirka saura makonni. Cikin Maris 2022 Gana ta hana mu zuwa gasar duniya. Benin ta ɗauke shi, a Yuni 2024 ya ci mu 2 da 1 a Abijan. Mu mutanen Kamba, da muke cin kasuwa da mutanen Gaya da Malanbil, ba sai an faɗa muna zafin wannan ba.

Kowane malami ya sani, almajirin da ake sauya wa tsangaya kowace damina ba shi kai ga sauka, don kowane sabon malami baya zai mai da shi. Falke kuma ba shi sauya madugu tsakiyar daji.

Shawarata ita ce a bincika kafin a ɗauka, a rubuta wa'adin shekara 4, a biya lada kan lokaci, a yi hisabi in wa'adi ya cika. Allah shi sa mu cika alkawari.