Wasiƙa ga masu awon ƙasa da ruwan Abare

Zuwa ga 'yan'uwa, ma'aikatan ɗakin gwaji da jami'an muhalli masu ratsa ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi ɗauke da kwalabe da na'urori.

Mutanen Abare sun san nauyin lamba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa gubar dalma ce, daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida, ke kashe yara a Dareta da Yargalma da Abare da maƙwabtansu, har aka rasa yara wajen 400. Tun daga lokacin iyaye suka haddace cewa in gwajin jinin yaro ya kai 45 magani za a fara. Saboda abin da na'ura ta nuna aka kwashe ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa. Lambar da kuka furta da hantsi a zauren mai gari, kafin la'asar ta kai bakin rijiya.

Don haka ku fara da raba musu abu biyu. Dalma guba ce ta sinadari, da nauyi ake auna ta, kuma 45 ɗin nan maikurogiram ne a kowace desilita ta jini. Tururin nukiliya, wanda wasunku ke nema a ruwan rijiya da tarkacen ma'adinai, lissafinsa daban: ƙwayoyin zarra nawa ke fashewa a daƙiƙa guda. Fashewa ɗaya a daƙiƙa ita ce bekerel ɗaya, Bq. Ƙanƙanin ma'auni ne ƙwarai, tunda jikin babban mutum lafiyayye ma na ɗauke da bekerel wajen 4,000 na sinadarin fotashiyam-40. Tsohon ma'aunin kuwa, kuri, Ci, daga giram ɗaya na radiyam aka samo shi, kuma daidai yake da bekerel biliyan 37. An karɓi bekerel a tsarin awon duniya tun 1975, amma Amurka ta ƙi sakin kuri, takardunta da lambobin jikin kayanta kuma suna iso mana yadda suke.

Ga yadda abin ke cizo. Takarda ta dawo daga gwaji an rubuta 15 a gaban ruwan wata rijiya. In pikokuri ne a lita, yadda Amurkawa ke rubutawa, ku ninka da 0.037, ku sami bekerel 0.56, dab da 0.5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin matakin da za a sake bincike kan tururin alfa. In kuwa wani ya karanta shi bekerel 15, ya ninka matakin sau talatin ke nan, an rufe rijiya, mata sun koma ɗibar ruwan rafi inda ake wankin dutse. Komawa baya ma ba wuya: bekerel ɗaya pikokuri 27 ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rubutun hannu. Ƙaramin m a mBq kashi ɗaya ne cikin dubu. Babban M a MBq miliyan ne. Tsakaninsu ninki biliyan, ga shi da yawanmu ba mu damu da girman harafi ba in muna sauri. Alamar µ kuma, in biro ya yi gardama ko takarda ta sha hoto a waya, sai ta koma m, ninki dubu ya shige ba sallama. Ku rubuta sunan ma'aunin cikakke da kalmomi, ku mayar da komai bekerel kafin kwatantawa, sannan abokin aiki ya sake lissafin ba tare da ya ga amsarku ba. Manhajar waya ba laifi, sai dai abin da aka danna mata take bayarwa.

Ku duba jikin na'urar da kuke haska ƙasa da ita. Wasu da lantarki suke samar da haskensu, wasu kuma akwai ƙwayar kadmiyam-109 a ciki, an buga 40 mCi a jiki. Wannan MBq 1,480 ne, amma a ranar da aka rubuta a kan lambar. Duk bayan kimanin wata 15 ƙarfinta na raguwa da rabi. Bayan wata 30 saura mCi 10, wato MBq 370, shi ya sa tsohuwar na'ura ke daɗewa kafin ta ba da amsa. Duk lambar ƙarfi da za ku kwafa, ku kwafe ta da kwanan watanta.

Raguwar ƙarfin ba ta mai da na'urar shara ba. A Goiânia ta ƙasar Brazil, a 1987, masu tsintar ƙarafa suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti mai siziyam-137 na kuri kusan 1,400, mutum huɗu suka mutu. Taku ba ta kama ƙafar wannan ba, amma in ta lalace kada ta bi 'yan gwangwan. Ku kulle ta a akwatinta, ku rubuta wa hukumar NNRA mai kula da kayan nukiliya a Abuja, ku faɗi sinadarin da ke ciki, da ƙarfinsa a bekerel, da ranar da aka auna.

Wassalam, ɗan'uwanku a sana'a.