Ciwon da ake kira olsa a Burumburum

A Burumburum da ƙauyukan Kiru da Doguwa, duk ciwon da ya tsaya a saman ciki sunansa olsa, sai a sayi ƙwayoyi a kemis a yi ta haɗiya. Amma a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, manne da hanta, akwai matsarmama, jakar da ke tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Idan tsakuwa ta taru a cikinta, ciwo kan taso bayan cin abinci mai maiƙo, ya harba kafaɗar dama. In ta gangara ta toshe bututun da ke kai ruwan ɗacin zuwa hanji, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a ce shawara ce, a koma jiƙo. Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana nuna tsakuwar da inuwarta, muddin mara lafiya ya yi awa 6 bai ci komai ba. Ya kamata asibitocin yankin su riƙa yin wannan hoto.

Wasu za su ce tsakuwar matsarmama cutar Turawa ce. Masu amosanin jini sun ƙaryata haka, domin ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa, abin da ke haifar da tsakuwa tun suna yara, kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. Wasu za su ce matsalar kuɗi ce. Inda ake awon ciki da na'ura, abin da ya rage shi ne ma'aikacin da ya iya duba hanta da bututunta, kuma horas da shi ya fi araha a kan ɗaukar mara lafiya zuwa Kano bayan zazzaɓi ya riga ya shiga.