In Aka Harba Nukiliya, Wa Zai Buɗe Mana Iyaka?

Kwanan baya muna zaune a shagon wani ɗan'uwa a unguwar Louis da ke nan Libreville, muna sauraren labaran duniya, sai aka ambaci barazanar makaman nukiliya tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma. Wani Alhaji mai sayar da albasa a kasuwar Mont-Bouët ya ce, "To mu ina ruwanmu? Su ƙarata can." Na ce masa, Alhaji, ai da ruwanmu har da tsakinmu.

Ran 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, inda ƙurar hunturu ke tasowa. Da ta maimaita har sau uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairun 1961. Ga kuma yuraniyom da aka haƙa a Mounana nan Gabon har 1999, da na Arlit a Nijar. Ashe tun asali muna cikin maganar.

To idan abin da ake gudu ya auku, wace doka ce za ta kare waɗanda suka tsira? Yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ƙarin da aka yi mata a 1977 sun haramta kai wa farar hula hari, sun kuma haramta horar da su da yunwa. Amma a Hiroshima a 1945 yawancin likitocin garin sun mutu ko sun jikkata, kuma sai bayan wata guda Dakta Marcel Junod na ƙungiyar Red Cross ya isa da tan 15 na magunguna. Ƙungiyar da bakinta ta sha faɗin cewa babu wata hukuma a duniya da za ta iya ɗaukar nauyin irin wannan bala'i.

Yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, ita ce ta fito fili ta wajabta kula da waɗanda makamin ya shafa da tsabtace ƙasarsu. Najeriya ta tabbatar da ita ran 6 ga Agustan 2020. Sai dai masu riƙe da makaman duk sun ƙi sa hannu.

Jama'a, mu a nan yunwa ce za ta fara cim mana. Wani binciken masana na 2022 ya nuna cewa idan Amurka da Rasha suka gwabza, hayaƙi zai tare rana, damina ta lalace, mutane fiye da biliyan 5 su iya mutuwa da yunwa. Ranar kuwa kowace gwamnati abin da za ta fara yi shi ne garƙame iyakarta. Ɗan kasuwa bai buƙatar a ba shi labari. Mun ga yadda shinkafa ta yi tsada da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, mun ga motocin kaya sun yi layi a Jibiya da Illela a 2023, albasa tana ruɓewa a buhu. Gabon da ke jiran tumatir da ayaba daga Kamaru ta Kyé-Ossi, kwana nawa za ta yi?

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Afirka ta 1969 ta hana a mayar da wanda ya gudo daga mummunan tashin hankali. Wannan ta tsare mai gudu, amma motar hatsi da ta magani ba su da irin wannan lamuni.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na zango-zango, su matsa wa 'yan majalisu lamba kan abu biyu: ƙasar da ba ta tabbatar da yarjejeniyar 2017 ba ta tabbatar, sannan ƙasashenmu su rattaba hannu tun yanzu cewa ko wane irin bala'i ya sauka, ba za a tare abinci da magani a bakin iyaka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kiyashe mu da ganin wannan rana, amin.