"Ina Jin Ka, Kai Ba Ka Ji Na?" Kafin Ka Ɗora Wa Sabis Laifi

'Yan uwana ɗalibai, a yawancin gidajenmu ku ne injiniyoyin waya. Da zarar kiran WhatsApp ya rikice, ku Baba zai miƙa wa wayar. To lokacin albasa a nan Danwarai da Aliero ba lokacin wasa ba ne: dillali yana Legas yana faɗin farashin buhu, Baba na jin sa sarai, amma shi ba ya jin "na sallama" ko "albarka". Kafin a gyara, an sayi ta wani.

Abin da ya kamata ku fara riƙewa shi ne, kiran intanet hanya biyu ne. Waya tana yanka muryarka ƙanana-ƙanana ta tura, ta wancan ma tana zuwa ta tata hanyar daban. Ɗaya na iya mutuwa ɗayar na aiki. Don haka tambayar farko ita ce: muryar wa ta ɓace? Idan kai ne ba a ji, matsalar tana tsakanin bakinka da kunnen wancan.

Fara da mai sauƙi. Duba alamar makirufo a fuskar kiran, don kunci kan taɓa ta ya rufe murya. Sannan ka ɗauki saƙon murya ka saurara. Wannan gwajin na fi so, domin cikin daƙiƙa 10 yake raba gardama. Idan ka ji kanka tas, makirufonka lafiya lau. Idan shiru ne, shiga saiti ka ga ko an ba WhatsApp izinin amfani da makirufo. Tun daga Android 6 na shekarar 2015 manhaja take neman wannan izini, kuma iyayenmu da yawa "a'a" suke dannawa don tsoron 'yan damfara (ban ga laifinsu ba). Android 12 na 2021 ma ya ƙaro makunni guda da ke toshe makirufo ga duk manhajoji.

Idan muryar ta fito can ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya, zargi ƙura. Ƙurar hunturu da ta hanyar kasuwar Jega tana cika ɗan ramin da ke gindin waya. A share shi da busasshen buroshin haƙori. Don Allah kada a zura allura, tana iya huda tantanin ciki, gyaran kyauta ya koma na kuɗi.

Akwai kuma ɓarawon da ba a gani: Bluetooth. Iyafis ɗin yayanka yana cikin aljihun rigar da ya rataye, wayar kuwa ta haɗu da shi, murya na tafiya can. Kashe Bluetooth ɗin ka sake kira.

Sai duk waɗannan sun wanke kansu za a zo kan sabis. Ƙarfen sabis ya fi wayarka ƙarfin aikawa nesa ba kusa ba, saboda haka a cikin ɗaki ko can gona wajen Maiyama, kana iya karɓar muryarsa amma taka ta kasa isa. Sandunan da kake gani a saman waya ƙarfin abin da ke shigowa kawai suke nunawa. Fita fili, tsayar da hotuna da bidiyon da ke kan turawa, in kana da layi biyu ka sauya. Idan a kan Wi-Fi kake, irin na shagon kwamfuta ko na ofis, wani lokaci katangar tsaron rautar ce ke barin murya ta fita ta hana wata shigowa. Koma datar layinka. In ya gyaru, ka gane mai laifi. Masu VPN su ma su kashe shi tukuna.

In kuwa ku ne ba kwa jin wancan, ƙara sauti, sa a lasifika, sannan ka rubuta masa ya yi gwajin saƙon murya a nasa ɓangaren. Idan cinikin ba zai jira ba, sa wa Baba kati ya yi kiran layi kai tsaye, a yi binciken bayan an sallama.