Tumatirinmu Ya Isa Fita Kunyar Baƙi

Maganarmu ta yau a kan tumatir take, da kuma abin da muke ajiye wa baƙi ran biki ko suna.

Uwargida, in kina zaune a Paki, ko Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, ba sai an gaya miki abin da ke faruwa daga watan Janairu zuwa Maris ba. Tumatirin rani ya nuna ke nan. Kwanduna ne jere a bakin hanya, manyan motoci na lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko. Wanda mota ta bari a yanka shi a shanya ya zama kauɗa, wanda aka rasa hannun yankawa kuwa ya ruɓe a zubar. Sabo da yawan tumatirin wannan yanki ne ma gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa masana'antar sarrafa shi a Ikara a 1981. Maigidanki ya sha sanyin asuba wajen ban ruwa, amma ran da kasuwa ta cika sai ya sayar da kwando a kuɗin da bai kai wahalarsa ba.

To, a daidai wannan lokaci ne bukukuwa ke yawa, domin an gama girbi. Me uwar biki ke yi? Sai ta kwashi adashenta, ta ƙara da bashi, ta aika Zariya ko Kano a sayo katan-katan na lemo da biskit da alewa da kek, wai don kada a ce ta gaza. Baƙi su ci su watse, ita kuwa ta yi wata uku tana ɓuya in ta ji sallamar mai bin bashi. Alhali ga tumatir nan a zaure yana jiran ruɓewa. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, wannan ba daidai ba ne, kuma gyaransa yana hannunmu mu mata.

Bari mu ba ki labarin wasu mutane da ba su raina nasu ba. A ƙasar Italiya akwai wani tsibiri da ake kira Capri, kusa da birnin Napoli. Da sunansa ake kiran wani haɗi mai sauƙi, watau caprese: ɗanyen tumatir, da wani farin cuku mai laushi da suke kira mozzarella, wanda asalinsa da madarar ɓaunar gida ake yi, da ganyen basil mai ƙamshi, sai gishiri da man zaitun. Ja da fari da kore, launin tutar ƙasarsu ke nan. Yanzu a Turai da Amurka masu liyafa kan soke waɗannan abubuwa uku a ɗan tsinke, su jera a faranti, baƙo ya ɗauka ya motsa baki kafin a kawo abinci. 'Yan makaranta da yawa sun ga hotonsa a waya, suna tsammani abincin masu kuɗi ne.

Abin mamaki, su ma Italiyawan tumatir baƙo ne gare su. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, sai a ƙarni na 16 ya isa Turai ta hannun mutanen Sifen. Suka karɓe shi, suka haɗa da madarar garkensu da ganyen bayan ɗakinsu, har duniya ta san su da shi. Mu fa, me muka rasa? Tumatir namu ne. Madara tana zuwa har ƙofar gida a ƙwaryar Fillo. Ganyen basil kuwa ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, wadda ke fitowa kusa da randa ba wanda ya kula ta sai ran da za a yi farfesu. Tsinke kuma, wa zai koya wa Bahaushe soke abinci a tsinke, shi da ya san tsire tun kaka da kakanni?

Saura cuku. Ba busasshen cukun nan da ake kawowa daga Nijar muke nufi ba, shi ya yi tauri ga wannan aiki. Mai laushi ake so, wanda wasu ke kira awarar madara, Yarabawa kuma su ce wara. Matan Fulani da ganyen tumfafiya suke tsinka madarar. Amma ke da ba ki saba ba, bar tumfafiya, domin ƙaronta yana ɓata ido, kuma in ya yi yawa yana cutarwa. Lemon tsami ya ishe ki. Ga yadda za ki yi.

Nemi ɗanyar madarar shanu wadda ba ta yi tsami ba, kamar lita 2. Tace ta, ki ɗora a wuta har ta tafasa sosai. Sauke, ki zuba ruwan lemon tsami cokali 4 ko 5 a hankali kina juyawa. Nan da nan za ki ga farin ya dunƙule, ruwa ya ware. Juye a farin ƙyalle mai tsabta, ki sa gishiri kaɗan, ki ɗaure, ki danne da wani abu mai nauyi kamar awa ɗaya ko biyu. In ya kama jikinsa sai ki yayyanka daidai loma. Wadda madara ta yi mata tsada, awarar waken suya ma ta yi, sai dai a ɗan soya ta sama-sama.

Tumatir kuma ki zaɓi nunanne mai tauri, wanda ba shi da huji ko fashewa. Irin da 'yan kasuwa ke kira UTC ya fi dacewa, domin ba ya saurin zubar da ruwa. Ƙanana a bar su ɗungum, manya a raba huɗu. Ɗoɗɗoyarmu ta fi ta Turawa ƙarfin ƙamshi, sabo da haka ki tsinki 'yan ƙananan ganye na toho. Soke tumatir, ki bi shi da ganye ɗaya, sa'an nan cuku, ki rufe da wani tumatirin. Ki jera a tire. In za a kai wa baƙi sai ki yayyafa man gyaɗa wanda kika soya da albasa ya huce, ki barbaɗa gishiri da yajin ƙuli. Kada ki sa gishiri tun da wuri, zai sa tumatirin ya yi ta tsatsafo da ruwa. Shi ke nan, tsiren tumatir ya haɗu, ba ki ƙona itace ba sai na tafasa madara.

Yanzu ga inda muke so ki kasa kunne da kyau, domin a nan ne abin alheri kan koma abin kuka. Mun saba da tumatir a miya, inda wuta ke kashe ƙwayoyin cuta. Ɗanye ba shi da wannan kariya. Ba ki san irin ruwan da aka yi ban ruwa da shi ba, ba ki san hannu nawa ya bi ba, ba ki san ranar da aka yi masa feshin magani ba. Amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta irin wannan hanya suke shiga gida. Sabo da haka wanke hannunki da sabulu. Wanke tumatir da ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, kina cuɗawa, kina sake ruwan. In ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, tafasa shi ya huce tukuna. Ruɓaɓɓen nan mai araha da ake sayarwa da yamma ko kusa kada ya shiga wannan aiki. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su tas kafin su taɓa tumatir.

Madara ma haka. Wadda ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, da cutar nan mai sa shanu ɓari, wadda kan zama zazzaɓi mai naci a jikin mutum. Mai juna biyu da ƙananan yara su suka fi shan wuya. Lalle ne ta tafasa, ba ɗumi kawai ba. Bugu da ƙari, cuku ba ya jimirin zafi. Ki yi shi ranar bikin, ki rufe tire don ƙuda, kada ya wuce awa biyu a waje, in kuwa zafin bazara ne awa ɗaya. Yara ƙanana a zare musu daga tsinke a zuba musu a kwano, kada wani ya soke kansa garin guje-guje. Rigakafi ya fi magani.

Mun san abin da wata za ta ce: "Haba, in ba mutane tsire ba nama? Ai sai dangin miji su yi da ni har shekara." Maganarta da ƙamshin gaskiya, bakin mata a gidan biki ba ya rufuwa. To, ba mu ce a bar tuwo da shinkafa da nama ba, kowa ya yi daidai ƙarfinsa. Cewa muka yi abin motsa baki da ake ajiyewa kafin abinci ya sauka, wanda shi ne ke cinye kuɗin adashe, a yi shi da abin da gonarmu ta ba mu. Kuma ki duba da kyau, waɗanda za su yi gulmar su ne in aka kai su babban otal a Kaduna ko Abuja aka ajiye musu wannan abu da sunan Turanci, za su ci su yaba. Mace ɗaya mai ƙarfin hali ake jira ta fara. In ta jera shi da tsabta, ta miƙa da sakin fuska, bikin gaba za ki ga an kwaikwaye ta. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma.

Kada kuma mu manta da 2016. A shekarar nan tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu. Tumatir ya yi tsadar da matan birni ke ƙirga shi ɗai-ɗai, manomanmu kuwa suka tafka hasara. Ran nan kowa ya san darajarsa. Ashe bai kamata sai abu ya ɓace sa'an nan mu girmama shi ba.

Muna kira ga malaman koyar da girki a makarantun 'yan mata na Ikara da Maƙarfi da Kudan su sa wannan cikin darasinsu, tare da darasin wanke ɗanyen kayan lambu. Ke kuma 'yar makaranta, gwada shi a gida ran hutu, ki fara da Baba da Inna, ki ji abin da za su ce. Uwargida, in bikin 'yarki ya faɗo cikin kakar tumatir, sayi kwando ɗaya a hannun manomin garinku, ki yi magana da mai kawo miki nono tun saura kwana uku, ki bar kuɗin adashenki ya tafi ga kayan ɗaki ko kuɗin makaranta.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda baƙinta suka karɓe shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.