Kati biyu a kwamfuta ɗaya: a faɗa wa matasan Illela gaskiya kafin su zuba jarinsu

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu tace bidiyon biki a Illela ya san wannan zaman jiran. An gama yanka, an ɗora kiɗa, an gyara launi, saura kwamfuta ta harhaɗa komai ta fitar da fim, abin da masu sana'ar ke kira renda. Layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiyar hawainiya, janareta na shan mai a waje, dangin amarya kuma sun bugo waya sau uku daga Kwanni suna tambayar ko an gama.

A irin wannan jiran ne wata shawara ta samu kasuwa: sayo katin girafik na biyu, ko na hannu ne, ka cusa shi kusa da na farko, gudu zai ninka. Na ji ta a bakin masu gyara, na ji ta a bakin masu sayarwa. Wani matashi da na sani ya bi ta. Yana da GTX 1060 na kamfanin NVIDIA, ya tara kuɗin aiki uku ya sayo RX 580 na AMD. Da aka haɗa, renda ba ta ƙara sauri ba, sai ma kwamfutar ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Da ya koma wurin wanda ya sayar masa, sai aka ce ai katin lafiyarsa ƙalau. Kuma gaskiya ne, lafiyarsa ƙalau. Abin da aka ɓoye masa shi ne manhajarsa ba ta san yadda za ta sa katunan biyu aiki tare ba.

Manhaja ce ke yanke hukunci a wannan harka. DaVinci Resolve na kyauta, wanda da yawa ke saukewa don gyaran launi, kati ɗaya yake sarrafa hoto da shi a Windows. Sai wanda ya sayi Studio ne ke cin moriyar kati fiye da ɗaya. Premiere Pro kan iya amfana da na biyu lokacin fitar da aiki, amma lokacin da kake kallo kana yanka, ɗaya yake ɗauka. Blender, wanda masu zanen gidaje da tallan katun ke amfani da shi, shi ne ya fi karɓar kati da yawa, sai dai da sharaɗi. Zai sa ka zaɓi hanya guda: CUDA ko OptiX ga NVIDIA, HIP ga AMD, oneAPI ga Intel. Ka zaɓi ɗaya, katin ɗaya kamfanin ya zama ɗan kallo. Tsohuwar hanyar OpenCL kuwa an cire ta tun fitowar Blender 3.0 a watan Disambar 2021.

Ko katunan na kamfani ɗaya ne, akwai wani ramin. Ma'ajiyar katunan ba ta haɗuwa. Mai giga 12 da mai giga 6 ba su zama giga 18 ba, domin kowane kati sai ya ɗauki dukkan aikin a cikinsa. Ƙaramin ne ke gindaya iyaka, aikin da ya fi ƙarfinsa ko ya ƙi fita ko ya koma jan ƙafa. Sannan NVIDIA direba ɗaya take ɗorawa ga duk katunanta da ke cikin kwamfuta. Tsofaffin katunan da aka gina a kan fasalin Kepler, irin su GTX 760 da GTX 770, an tsayar da su a direba mai lamba 470 tun 2021, alhali RTX 4060 sai da sabon direba yake tashi. Wanda ya haɗa su, dole ɗaya ya kwanta.

Ba na cewa abin ba ya yiwuwa. Mai aikin Blender da ya haɗa RTX 3060 biyu, ko RTX 3060 da RTX 2060, zai ga lokacin jira ya ragu a zahiri. Har mai NVIDIA da AMD yana da dabara: ya buɗe Blender sau biyu, kowanne da katinsa, ya raba musu hotunan katun ɗin, wannan ya ɗauki rabin farko wancan ya ɗauki na biyu. Amma masu irin wannan aikin nawa ne a Illela? Mafi yawan abin da ke shigowa shagunanmu bidiyon biki ne, walimar sauka, tallan ɗan kasuwa, sai fosta idan siyasa ta zo.

Sai batun wuta, wanda mai sayarwa a Computer Village ta Legas ko titin Beirut a Kano ba lallai ya tuna da shi ba. RX 580 na jan kimanin wat 185, GTX 1060 na jan 120. Jimla ta haura 300 tun ba a lissafa sauran kwamfutar ba. Kwamfutocin ofis na gwanjo da matasa suka fi saya, da yawansu akwatin wutarsu bai kai wat 300 ba, wasu ma ba su da wayar da ake jona wa kati. Abin da ya riƙa kashe kwamfutar wancan matashin ke nan. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane wat kuɗi ne, ko na mai ko na batirin sola. A ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe fanka. Kati biyu manne da juna a ƙaramin akwati, ɗaya yana hura wa ɗaya zafi, idan suka ɗumama da kansu suke rage gudu.

Yana da kyau mai saye ya san kuma daga ina katunan araha suka kwararo. A watan Satumbar 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa da katin girafik, masu haƙar suka zubar da kayansu a kasuwannin duniya. RX 580 na cikin waɗanda suka fi shan wannan bautar, dare da rana ba hutu. Wasu suna da sauran ƙarfi, wasu an wanke su ne kawai an sa musu sabuwar fanka.

Abin da ya sa na ga batun ya kai a yi magana shi ne jarin waɗannan matasa ba shi da kauri. An rufe iyakar Illela a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Mai ɗaukar bikin da wani kaso na cinikinsa ke zuwa da sefa daga tsallake ya ji waɗannan watannin a jikinsa. Wanda ya fito daga wannan bai kamata a tura shi sayen abin da zai zauna cikin akwati yana shan wuta a banza ba.

Nauyin farko na kan masu sayarwa da masu gyara. Tambayoyi uku sun isa kafin a karɓi kuɗin mutum: wace manhaja kake aiki da ita, wane kati ke ciki yanzu, wat nawa akwatin wutarka ke bayarwa? Wanda ya sayar ba tare da ya tambaya ba ya san abin da yake yi. Masu koyar da kwamfuta, daga ƙananan cibiyoyin gari har sassan kwamfuta na manyan makarantun Sakkwato, su ma ya kamata darasinsu ya wuce latsa manhaja ya shiga cikin akwatin.

Ga mai saye kuwa, a nawa ganin, sayar da tsohon katin a ƙara kuɗi a ɗauki guda ɗaya mai ƙarfi ya fi tara biyu masu rauni. Idan kuma an dage sai biyun, a yi sharaɗin gwaji a gaban mai kaya: a ɗauki aiki guda, a fitar da shi da kati ɗaya a duba agogo, a sa na biyun a sake dubawa. Matashin nan daga baya ya rabu da RX 580 ɗinsa ƙasa da yadda ya saya, ya sa kuɗin a sabon akwatin wuta da ƙarin RAM.